Dunduniya Ta Raba Ni da Kafinta

Litinin, da hantsi

Yau ma ban fita ba. Na sauko da ƙafar dama daga gado, dunduniya ta taɓa siminti, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa daga ƙasa. Na dafe bango na tsaya da ƙafa ɗaya ina ambaton Allah. Uwar yara tana kakkaɓe shimfiɗa ta ce, "Ka gani ko? Jiki magayi."

Abin haushin shi ne, in na daure na taka zuwa bakin famfo, zafin sai ya lafa, har in ce ai na warke. In na zauna na sha shayi na miƙe, sai ya dawo sabo fil. Da yamma kuwa, bayan na wuni a tsaye a bayan kujerar aski, ƙafar sai ta yi ta zogi har sha-raɓa.

Amma ba ciwon ne ya sa na ɗauki biro ba. Shagona a ƙofar gida yake, tagarsa tana kallon titi. Ina share gashin jiya na ga Kafinta ya wuce. Kafinta abokina ne tun muna samari, tun kafin ya san uwar 'ya'yansa in san tawa. Kullum bayan sallar asuba tare muke takawa: mu bi ta bayan makaranta, mu haye gada, mu dawo ta layin masu walda. Ni ne a damansa, don kunnen hagunsa injin yankan katako ya gama da shi. Shi ya raɗa mini suna Almakashi, wai haka ƙafafuna suke yi in ina sauri, kuma duk duniya ba mai kirana da shi sai shi.

To yau da mutum a damansa. Sajan ne, tsohon ɗan sandan nan da ya tare a gidan kusurwa bara. Ƙafa kamar turmi, ga farin kambas. Kwana nawa ma na yi ban fita ba da har za a cike gurbina?

Talata, da safe

Sun sake wucewa, har da dariya. Ko a jikina.

Laraba, bayan azahar

Ba kowa a shago, sai na tura ƙofa, na ɗora ƙafa a benci, na saita ƙaramin madubi. Na ce lallai ƙaya ce ko ɓarin kwalba ya shige ya yi zamansa. Ni da na cire wa mutane ƙaya ba adadi, tawa ce za ta gagare ni? Na ɓare sabuwar reza na hau kankare kaushi. Na kankare har fata ta yi ja, ba ƙaya ba dalilinta. In na danna da babban yatsa a ƙarƙashin dunduniyar, ɗan gaba kaɗan ta wajen ciki, nan ne wurin. Sai dai abin can ciki yake, ba inda reza za ta kai ba.

A haka uwar yara ta turo ƙofa da kwanon abinci.

"Innalillahi! Yanka kanka za ka yi?"

"Aikina nake yi."

"Aikinka a kan mutane yake, ba a ƙafarka ba. Wallahi ko ka tafi asibiti da kanka, ko in buga wa 'yarka waya ta zo ta tasa ka gaba."

Ta san abin da nake tsoro. Yarinyar nan in ta fara faɗa ba ta numfashi.

Da yamma mai nama ya zo aski ya ce in gasa dutse in taka. Direban da ke jiran layi ya ce a'a, kwalba ake samu a yi ta dukan wurin har ƙashin ya narke. Kowa likita ne a shagon aski. Kafinta dai bai leƙo ba, kuma ta ƙofata yake wucewa.

Asabar, bayan la'asar

Na je. An ɗauki hoton ƙashi. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ba. Ta ɗaga hoton ta nuna mini wani ɗan tsiro a ƙarƙashin ƙashin dunduniya, mai lanƙwasa kamar ƙaramar ƙugiya. Na ce alhamdulillahi, ga ƙayar, a cire.

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ba a nan gizo ke saƙa ba. Mutane da yawa suna da tsiron nan ba su ma sani ba. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa yatsu. Ita ce ta gaji da ja, ta ƙuje, ta kumbura, tsiron kuma wahalar jan ce ta haifar da shi. In kun kwanta sai ta takure, da safe kuna takawa ta miƙe da ƙarfi, shi ne zafin da kuke ji."

Ta sa na miƙa mata silifata. Ta juya ta, ta ga bayan ya cinye ya zama kamar takarda. Ta ga kuma aikin reza, ta dube ni, na dubi silin. Na faɗa mata maganar dutse da kwalba, ta ce in ina son ƙuna da kumburi a kan ciwo, bismillah.

"Tun yaushe yake damun ku?"

Na ce kwanan nan. Uwar yara ta ce, "Ƙarya yake, likita. Ya fi wata huɗu yana ɗingishi, in ya hango abokinsa sai ya miƙe ƙafa."

"To me ya hana ku hutawa, Baba?"

Na ce ba komai. Me zan ce mata? Akwai wanda ba a bari ya fita shi kaɗai, shi ke nan.

Ga dokokinta. Kafin in sauko daga gado in rataya tawul a tafin ƙafa in ja yatsu su dubo ni. In dafa bango in miƙe ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, har in ji sha-raɓa ta ja. In sa gorar ruwa a firij ta daskare, in riƙa murza ta da tafin ƙafa da yamma. Ba yawo ba takalmi a kan siminti, ba silifa, sai takalmi mai taushin dunduniya da ke riƙe tsakiyar ƙafa. In rage tsayuwa, in rage tumbi. Ta ba ni maganin zafi na 'yan kwanaki. Ta ce in bai ji ba akwai allura da ake yi a wurin, na ce a'a, mu bi ta tawul ɗin. Uwar yara ta tuntsire da dariya wai wanzami ba ya son jarfa.

Tafiyar safe kuwa ta ce a ajiye ta tukuna. Na ce har yaushe? Ta ce makonni, wataƙila watanni, ƙafa ce za ta faɗa. Watanni! Sajan ya ci kasuwarsa ke nan.

Lahadi, da hantsi

Na lallaɓa gidan Kafinta a kan babur ɗin maƙwabci. Dalilina mai ƙarfi ne: ina son ya yi mini doguwar kujera da zan riƙa ɗosana in ina aski. Shi ya yi mini benci da teburin madubi, to wa zan kai wa aiki in ba shi ba?

Na same shi a rumfarsa, fensir a kunne kamar kullum. Na kuma sami Sajan a kan gungumen da nake zama, yana shan shayi a kofi mai shuɗin baki. Kofin nan kowa a gidan ya san nawa ne. Ya miƙe ya ba ni wuri, har da "Sannu da ƙafa, maigida." Wa ya tambaye shi?

Kafinta ya ji bayanina, ya ce, "Dunduniya? Wacce?" Na nuna masa. Ya tsuguna da tef ya auna daga ƙasa zuwa ƙuguna, ya sa na ɗaga hannu kamar ina riƙe da kilifa, ya rubuta a jikin katako. Muka ɗan taɓa hira. Can sai ya sake ɗauko tef ya ce in miƙe ya auna ni. Na ce ai ka auna. Ya ce, "Yaushe?" Na yi dariya na miƙe. Kafinta ne, sau biyu yake awo kafin ya yanka, tun da can haka yake.

Da zan tafi matarsa ta biyo ni zaure.

"Malam, ina son magana da kai."

Na ce mai babur yana jira.

"Game da ranar nan ne ta gada."

Na ce ƙafata tana zogi, sai wani lokaci. Ba abin da ya faru a gada. Mutum ba zai tsaya ya huta ba sai an mai da shi magana?

Talata, bayan magariba

Ina zaune ina murza gorar ƙanƙara kamar yaron da aka saya wa abin wasa. Gaskiya tana sanyaya wurin. Tawul ɗin ma ya rage mini ƙusar safe, ba zan ci amanarsa ba.

Uwar yara ta ɓoye silifata. Ta sayo mini wani baƙin takalmi mai tudun soso a ciki, in na sa shi sai in ji na ƙara tsawo. Ta shimfiɗa mini tabarmar roba a bayan kujerar aski. Ta kuma rage mini sukari a shayi ba tare da shawara ba, tana tsammanin ban lura ba.

Kujera shiru.

Alhamis, da sassafe



Na fito ƙofar shago da sabon takalmi don in gaishe su in sun zo wucewa. Suna tafe, Sajan ya ɗan yi gaba. Sai na ji muryar Kafinta, da irin jan da yake yi wa sunan:

"Almakaashi! Rage sauri mana, jirgi za ka kama?"

Na buɗe baki zan amsa. Ashe ba da ni yake ba. Sajan ya juyo ya ce, "Na'am, ga ni." Na'am! Da bakinsa! Ya dawo ya tsaya a damansa, suka wuce ta gabana. Sajan ya ɗaga mini hannu. Kafinta ya gyaɗa mini kai irin wanda ake yi wa mai gadin banki.

Gurbi na ce ba komai, kofi na ce ba komai. Amma suna? Sunan da na amsa tun ba ni da gemu? Wannan ƙaton ko almakashi bai iya riƙewa ba. Kishi nake yi, na faɗa, kishi irin na yara, kuma ban ji kunya ba. Mutum na farko da ya zauna mini yau na kusa kwashe masa gira.

Juma'a, bayan an sauko

Kafinta bai zo gyaran gemu ba. Ban tambaya ba.

Asabar, da rana

Ina kwance, ƙafa a kan filo, uwar yara ba ta yi mini magana.

Na gano inda ta ɓoye silifar, a bayan buhun gawayi. Na ce yau sai na nuna wa Sajan ɗin nan yadda ake tafiya. Sabon takalmin ban saba da shi ba, silifata ce ta san hanya. Ban ja tawul ba, ban dafa bango ba, na fita na bi bayansu. Da farko lafiya lau, zafin ya lafa kamar yadda ya saba yaudarata. Na ƙara sauri, na kusa cim musu a bayan makaranta, inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara. Nan na taka wani dutse da dunduniyar daidai wurin. Wayyo Allah! Ban san sanda na zube a gindin katanga ba.

Wa ya ɗago ni? Sajan. Ya sa kafaɗarsa a hammatata kamar ya kama ɓarawo. Ina cewa ya sake ni, yana cewa, "Yi haƙuri, maigida, jingina kawai."

Kafinta ya tsaya a kaina, ya dube ni da tausayi sosai, ya ce, "Sannu, bawan Allah. A ina gidanka yake?"

Fushi yake yi da ni don na daina fita, shi ya sa yake mini wannan wasan. Da ma shi akwai riƙo.

Suka rako ni har ƙofa, Sajan riƙe da ni a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma riƙe da gefen rigar Kafinta. Na ga wannan riƙon. Ni ma haka nake yi, amma ni ba a gani.

Litinin, da hantsi

Shago a rufe. Na koma inda na fara, har ma baya. Likita ta ce ta waya kada in kuskura, in ci gaba da ƙanƙara da tawul, in na sake irin wannan to allurar nan ba fashi.

Uwar yara ta kawo shayi ta zauna a bakin gado. In ta zauna haka na san da magana.

"Kai da Sajan kake faɗa, ko da abin da ka sani?"

"Me na sani?"

"Ka fi kowa sani. Kai ka dawo ranar nan ka ƙi cin abinci. Kai ka ce mini ya tsaya a tsakiyar gada ya tambaye ka ta ina ake komawa gida."

"Wasa yake yi."

"Wasa ne ya sa ka yi wata huɗu kana taka ƙusa ba ka bar shi ya fita shi kaɗai ba?"

Na ce shayin ba sukari. Ta ɗauki kofin ta fita, ba ta dawo da shi ba.

Laraba, bayan azahar

Mai nama ya ce an gan su jiya har layin masu walda, Sajan yana saya masa lemo. Kafinta ba ya shan lemo da safe, yana tayar masa da ƙwannafi. Ba wanda ya tambaye ni.

Alhamis, da la'asar

Na buɗe shago rabin wuni, ina yi ina zama a benci. Ina murza gora sai ga inuwa ta cika ƙofa. Sajan ne, wai ya zo aski. Kansa kuwa ba abin da za a aske, sai 'yan tsiraru a gefe. Na ce ya zauna. Na ɗaura masa ƙyalle na ɗan matse wuyan, Allah na tuba.

Ya dubi gorar ya ce shi ma ya sha wannan ciwon lokacin da yake tsayuwa a titi. Ya ce wata shida ya yi, kuma abin da ya cece shi dafa bango ne safe da yamma da canza takalmi kafin ya cinye. Na ce na gode, ina da likita.

Na kunna kilifa na fara aski. Sai ya ce, "Maigida, sunan nan nauyi yake mini."

Na ci gaba da aski, shi kuma ya ci gaba da magana.

"Ranar da ka fara kwanciya, Kafinta shi kaɗai ya fita. Ba a gan shi ba sai da rana ta take, a tashar mota, yana tambayar mutane ko sun ga Almakashi. Ni na gane shi na kawo shi gida. Matarsa ta roƙe ni in riƙa raka shi kafin ka warke. Ranar farko na ce masa ni Sajan ne, sai ya toge a ƙofa ya ce ba inda za shi, abokinsa yake jira. Washegari da ya kira sunan na amsa, shi ne ya taka."

Na ce, "To ai ka iya amsawa. Na ji ka."

"Ban iya ba. Yana ba ni labarai yana jira in ƙarasa, ni kuma ban san ƙarshensu ba. Jiya ya ce, ka tuna akuyar gidan mai unguwarmu? Ya tsaya yana kallona. Na yi dariya kawai. Ya ce yau ba ka da lafiya, Almakashi."

Akuyar nan ni na san ƙarshenta. Ta cinye masa takardar awon ƙofofin wani gida gaba ɗaya, muka bi ta da gudu har bakin rafi, shi da zarto a hannu. Na faɗa wa Sajan don gobe ya san abin da zai ce.

Na tuna maganar lemo. Na ce kada ya ƙara ba shi da safe. Ya ce to. Na ce a kan gada ya riƙa sa shi ta ciki, ba ta wajen motoci ba. Ya ce yana yi. Wannan ma ya ba ni haushi.

Da zai fita na ce askin kyauta ne, don ba a karɓar kuɗin share fili.

Asabar, da safe

Tawul. Bango. Takalmi tun daga bakin gado. Na miƙa wa uwar yara silifar da hannuna na ce ta jefar.

Litinin, bayan la'asar

Na je na ji maganar matar Kafinta. Sunan ciwon mantuwar da ta faɗa ba zan rubuta shi ba. Ta ce likitansu ya ce tafiyar safe tana yi masa amfani, kada a daina. Ta ce wasu ranaku garau yake, wasu kuma sai a hankali, kuma ranakun garau ɗin raguwa suke yi. Ta yi kuka, ni kuma na yi ta kallon kofi mai shuɗin baki a kan tire.

Ban shiga rumfa ba. Na jiyo ƙarar zarto daga zaure, na tsaya na saurara, na juya.

Ƙafa ta ce watanni. Kafinta kuma ban san abin da ya rage masa ba. Da na huta tun farkon ciwon, na sa takalmin kirki, da yanzu ina damansa.

Laraba, da sassafe

Sun wuce. Na ji Sajan yana cewa "har bakin rafi, kai da zarto a hannu," Kafinta yana dariya har da dafa gwiwa. Labarina ne, dariyata ce. Na ji daɗi, na kuma ji kamar in jefe shi da burushi.

Lahadi, da hantsi

Yau na sauko daga gado ban dafa bango ba. Zafin yana nan amma ya zama kamar tsakuwa a takalmi, ba ƙusa ba. Likita ta ce in ya ci gaba haka, sati mai zuwa in gwada zuwa bayan makaranta in dawo, a hankali, kada in wuce nan ko da ƙafa ta ce za ta iya. Na ce to. Wannan karon da gaske na ce to.

Talata, bayan la'asar

Ina gyara wa wani yaro kai sai na ga mutum biyu a ƙofa. Sajan ɗauke da abu a ka an lulluɓe da tsohon zane, Kafinta a bayansa da fensir a kunne. Sajan ya sauke ya yaye zanen.

Kujera ce doguwa, an goge ta sumul, tana ƙanshin sabon katako. Na zagaya ta. A ƙafafun gaba ya sa sandar ɗora ƙafa, amma ɓangaren dama ya yi shi daban: ya ɗan sauko da shi, ya faɗaɗa, ya naɗe shi da roba mai taushi, yadda tsakiyar ƙafa za ta zauna dunduniya ta rataya a iska ba ta taɓa komai. Ban ce ya yi wannan ba. Ko likita ba ta faɗa ba.

Sajan ya ce mini a hankali kullum in sun dawo sai ya shiga rumfa ya yi ta aiki a kanta, ya kwance ya sake, kuma da ya gama yau shi ya nuna hanyar nan da kansa.

Kafinta ya yi mini sallama da hannu biyu, ya ce, "Kai ne mai shagon?"

Na ce ni ne.

"To ajiya na kawo. Ta wani abokina ce, a nan yake aiki. Dunduniyarsa ke ciwo, ta dama. Ya daɗe yana ɓoye mini, yana tsammanin ban gani ba. In ya hango ni sai ya miƙe ƙafa." Ya yi dariya ya girgiza kai. "Taurin kai gare shi kamar me. Sunansa ya ɓace mini yanzu, zai dawo."

Sajan ya buɗe baki, na girgiza masa kai.

"In ya zo ka ce ya zauna ya huta, tafiya ba ta ƙarewa. Ka ce ina jiransa. Kada ka bari kowa ya hau, awonsa ne."

Na ce, "Zan faɗa masa."

"Za ka gane shi?"

"Zan gane shi."

Ya sa tafin hannu ya girgiza kujerar ya ga ba ta motsi, ya share ƙurar da ba ta nan, suka tafi. Yaron da nake wa aski ya ce, "Baba, ba ka gama ba." Na ce ya jira, ido ne ya yi mini yaji.

Laraba, da hantsi

Na hau. Hannuna ya yi daidai da kan mutum, ba ɗagawa ba sunkuyawa. Na aske mutum uku dunduniya ba ta ce uffan ba.

Sajan ya biyo bayan sun dawo, ya ce ranar Litinin in zan gwada fitar zai koma hagu, ya bar mini dama. Na ce da ma ba tasa ba ce. Ya ce in Kafinta ya kira sunan fa, wa zai amsa? Na ce duk wanda ya kalla.

Yana magana yana jan kujerar zai ɗosana, wai ya ji yadda take. Na daka masa tsawa har mai nama ya firgita.

Ya ce, "Haba maigida, ai ni ma Almakashi ne."

Na ce suna dai ya riƙe, ya yi ta amsawa muddin yana sa mutumin nan tafiya. Kujera kuwa ƙafata aka auna, har sau biyu.